Daga Samaru zuwa Tsaskiya: Yadda ciwon dabba ke komawa ciwon mutanen gida

A Tsaskiya da ke ƙaramar hukumar Safana, da sauran ƙauyukan da suka yi layi a bakin dajin Rugu har zuwa Batsari, dabba ita ce asusun talaka. Da shanun huɗa ake noma, akuyar uwargida ake sayarwa idan yaro ya kwanta rashin lafiya, ragon da aka turke kuma shi ke kawo kuɗin taki ko na kayan ɗakin amarya.

Wannan kusanci yana da nasa haɗarin. Mutum da dabbarsa suna kwana a gida ɗaya, wani lokaci su sha ruwa a tafki ɗaya, hannun da ya karɓi haihuwar saniya kuma shi ne zai dama fura.

Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta ce kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙwayoyin cutar da ke kama ɗan'adam daga dabbobi suka samo asali, haka ma kusan kashi 75 cikin 100 na sababbin cututtukan da ke ɓullowa.

A Samaru da ke Zariya akwai malaman jami'a da suka shafe shekaru suna nazarin waɗannan cututtuka. Sun san abubuwa da dama da za su iya ceton rai a ƙauye. Matsalar ita ce rashin tsaro ya datse hanyar da ke tsakanin ɗakin bincikensu da garken makiyayi a yammacin Katsina.

Me ake yi a Samaru?

An kafa Tsangayar Koyon Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1964, da tallafin Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. Tana cikin tsangayoyi mafi daɗewa irinta a Najeriya, kuma tana da asibitin koyarwa inda ake kai shanu da dawakai da karnuka da kaji.

A cikin tsangayar akwai sashen da aikinsa shi ne kare lafiyar jama'a daga cututtukan dabbobi. Malamai da ɗaliban sashen kan je kwata su duba huhu da hantar dabbobin da aka yanka, su ɗebi jini a rugage, su sayi nono a kasuwa su auna, sannan su binciki ƙwaƙwalwar karen da ake zargin ya haukace.

Kusa da su, a Shika, akwai Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, wadda ita ma ke ƙarƙashin jami'ar. Akwai kuma wata cibiya da Bankin Duniya ya tallafa aka kafa a jami'ar domin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma haukan kare na cikin abubuwan da take nazari.

Ba Zariya kaɗai ke wannan aiki ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri suna da irin wannan tsangaya. Ita kuwa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, a Zariya aikinta ya faro kafin a mayar da shi Vom a 1924. A can ake haɗa akasarin alluran rigakafin dabbobi na cikin gida, kuma can ake aika samfuri idan ana neman tabbacin ɓullar annoba.

Bakkale: cutar da ke shigar burtu da zazzaɓi

Makiyayi ya san bakkale tun kafin likita ya zo. Saniya ta yi ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mahaifa ta ƙi faɗuwa, gwiwa ta kumbura ta tara ruwa, nono ya ragu. Likitoci suna kiran ƙwayar da ke haddasa ta burusela.

Abin da makiyaya da yawa ba su sani ba shi ne tana kama mutum. Hanya mafi sauƙi ita ce shan madarar da ba a tafasa ba. Sai kuma taɓa ɗan da aka yi ɓarinsa, ko mahaifa, ko ruwan haihuwa da hannu tsirara, musamman idan akwai yanka ko tsaguwa a fata.

A jikin mutum tana zuwa da zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da na baya, da kasala. Waɗannan alamu sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro da taifot. Shi ya sa mutum kan yi wata da watanni yana sayen maganin maleriya a kemis, ya ɗan ji sauƙi, ciwon ya dawo.

Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda wani malamin tsangayar Zariya yana cikin marubutansa, ya auna jinin shanu sama da 4,000 a jihohin Kano da Kaduna da Adamawa. An samu alamar cutar a jikin kusan ɗaya cikin kowane shanu huɗu, kuma kimanin garke uku cikin huɗu yana da aƙalla dabba ɗaya mai ɗauke da alamar.

Sai dai wani binciken da aka yi a gandun kiwo na Kachia a jihar Kaduna ya samu adadin da ya yi ƙasa da wannan ƙwarai. Wannan bambanci ya nuna cewa yawan cutar ya danganta da wuri da kuma irin kiwon da ake yi. Alƙaluman Kano ko na Kachia ba za su faɗa wa kowa halin da garkunan Safana ke ciki ba, sai an je an auna su.

Bakkale tana warkewa a jikin mutum, amma maganinta haɗin magunguna biyu ne da ake sha na kimanin mako shida. Kuma ba a rubuta shi sai idan ma'aikacin lafiya ya yi tunanin cutar tun farko. Don haka yana da kyau mai zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya faɗa wa likita cewa shi makiyayi ne ko mahauci, ko kuma an yi ɓari a garkensa kwanan nan.

Tarin fuka daga ƙwaryar nono

Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a Afirka. Mafi yawansu daga ɗan'uwansu mutum suka ɗauka. Amma akwai nau'in ƙwayar da ke zaune a jikin shanu, kuma tana tsallakowa ta madara ko ta numfashi ga wanda ke kwana kusa da garke.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 mutum 147,000 ne suka kamu da tarin fuka mai asali daga dabbobi a faɗin duniya, 12,500 kuma suka mutu. Afirka ce ta fi ɗaukar kaso mai yawa.

Abubuwa biyu ne suka sa wannan nau'i ke damun masana. Na farko, gwajin majina da aka saba yi a asibitoci ba ya bambance shi da na mutane. Na biyu, ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake fara ba mai tarin fuka, wato firazinamid, ba ya aiki a kansa. Bayan haka, sau da yawa ba a huhu yake tsayawa ba. Yakan fito a matsayin ƙululu a wuya ko ya kama hanji, musamman ga yara.

Masu bincike daga Zariya sun yi nazarin alaƙar tarin shanu da na mutane a jihar Jigawa, kuma binciken da aka yi a kwatoci daban-daban na arewa ya sha gano ƙurajen cutar a huhun shanun da aka yanka.

A nan al'ada ma ta tanadi kariya. Matan Fulani da ke tafasa madara kafin su haɗa kindirmo suna kashe ƙwayar tarin da ta bakkale a lokaci guda. Tsami kaɗai ba ya wadatarwa: nonon da aka bari ya yi tsami ba tare da an tafasa ba yana iya riƙe ƙwayar da ranta.

Saifa: naman da bai kamata a fede ba

A watan Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullar ciwon saifa, wanda kafafen yaɗa labarai ke kira antiraks, a wata gona da ke ƙaramar hukumar Suleja a jihar Neja. Kafin nan, a watan Yuni, an gargaɗi jama'a kan cin ganda bayan cutar ta ɓulla a arewacin Ghana. A watan Janairun 2025 kuma aka sake sanar da ɓullarta a jihar Zamfara, wadda ke maƙwabtaka da Batsari da Safana ta cikin daji.

Alamarta a dabba ba ta ɓoyuwa. Saniya ko tunkiya mai ƙoshin lafiya ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi wanda ba ya daskarewa ya fito ta hanci ko baki ko dubura, gawar ta kumbura da wuri.

A nan ne talauci ke shigowa. Mai dabbar da ya ga ta fara shure-shure yakan yi maza ya sa wuƙa don kada ta zama mushe, a raba naman ko a sayar da araha, a shanya fatar. Duk wanda ya fede, ko ya ɗauki naman, ko ya ci, ya shiga haɗari. Mafi yawan lokuta cutar kan fito a fata, ƙurji mai baƙin tsakiya a hannu ko fuska ko wuya. Idan ta shiga hanji ko huhu tana kisa da gaggawa.

Buɗe gawar yana da wata illar. Da zarar ƙwayar ta haɗu da iska sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta zauna a ƙasa tsawon gomman shekaru. Makiyayar da aka fede irin wannan dabba tana iya kashe shanun jikokin mai ita. Shawarar likitocin dabbobi ita ce kada a taɓa gawar, a hana karnuka da ungulu kaiwa gare ta, a kira malamin dabbobi, a ƙone ta ko a binne da zurfi. Akwai allurar rigakafi da Vom ke yi, kuma sau ɗaya ake yin ta a shekara.

Haukan kare

A ƙauyukan bakin daji kare abokin aiki ne. Yana gadin gida da garke, mafarauta kuma ba sa fita sai da shi. Kaɗan ne daga cikin waɗannan karnuka aka taɓa yi wa allura.

Haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, irin su tsoron ruwa da firgita da dalalar miyau, da wuya a ga wanda ya tashi.

Malaman Zariya sun daɗe suna aiki a kan wannan cuta. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka gano shi ne ana samun ƙwayar a ƙwaƙwalwar wasu karnukan da a ido lafiyarsu ƙalau. Ke nan rashin ganin kumfa a bakin kare ba hujja ba ce ta a kwantar da hankali.

Cutar takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A wannan tsakani ne ake iya ceton rai. A wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar domin fara allura. Duk abin da za a shafa ko a jiƙa na gargajiya ba ya maye gurbin wannan allura.

Idan karen yana da mai shi, a ɗaure shi a sa masa ido na kwana goma. Idan an kashe shi, kada a farfasa kan, domin ƙwaƙwalwar ake aunawa. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa, kuma burin da duniya ta sa a gaba shi ne kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya nan da 2030.

Allurar da makiyayi ke yi da kansa

Inda babu malamin dabbobi, mai shagon magani a kasuwar mako shi ke zama likita. Makiyayi ya sayi kwalbar allurar da aka fi sani da LA, ya yi wa saniya da kintace, washegari a tatse ta a kai nonon kasuwa.

Kowane irin wannan magani yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a sha nonon dabbar ko a ci namanta, kuma a rubuce yake a jikin kwalba. Idan ba a jira ba, ragowar maganin yana shiga cikin mutane kaɗan-kaɗan. Ƙwayoyin cuta kuma da suka saba da maganin da bai kai ƙima ba sukan daina jin sa, a jikin dabba da na mutum.

Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai-tsaye a 2019. Yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Yadda rashin tsaro ya rufe idon masu bincike

Duk wannan ilimi ya dogara ne da abu guda: wani ya je inda dabbar take. Sai an ɗebi jini, an sa shi cikin ƙanƙara, an kai shi ɗakin gwaji kafin ya lalace. Allurar rigakafi ma sai an riƙe ta da sanyi tun daga Vom har bakin garke.

Fiye da shekara goma ke nan dajin Rugu, wanda a da makiyaya ce ta dubban shanu, ya zama mafakar 'yan bindiga. An sace shanu, an tashi ƙauyuka, makiyaya da dama sun yi ƙaura zuwa wasu jihohi ko sun tsallaka Nijar. Ma'aikacin gwamnati da akwatin allura a bayan babur ba ya shiga inda yake tsoron a yi garkuwa da shi, malamin jami'a ma ba zai tura ɗalibinsa can ba.

A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Dutsin-Ma, domin toshe kafar sayar da shanun sata. Daga baya aka katse layukan waya a yankin na wani lokaci. Matakan tsaro ne, amma kasuwar dabbobi tana cikin wurare ƙalilan da malamin dabbobi ke ganin shanu da yawa a rana ɗaya.

Satar shanu ita kanta hanya ce ta yaɗa cuta. Ana gwamutsa shanun garkuna daban-daban a daji, a kora su da dare zuwa nesa, wasu a yanka su inda babu mai duba nama. Wanda aka sace wa shanu kuma ya sayo wasu ba tare da sanin tarihinsu ba. 'Yan gudun hijira su ma kan shigo gari da 'yan awakinsu, su cunkusu da su a ɗan fili.

Iyaka ba ta tare cuta. Batsari tana kusa da jihar Maraɗi, kuma dabbobi na kai-komo tsakanin ƙasashen biyu duk shekara. A 2016 zazzaɓin kwarin Rift, wanda sauro ke yaɗawa tsakanin dabbobi kuma yake kama masu hulɗa da su, ya kashe mutum fiye da 30 a jihar Tawa ta Nijar, akasarinsu makiyaya.

Darasin agwagin Zamfara da na bushiya

Abubuwa biyu da suka faru a arewa sun nuna amfanin sauraron abin da dabba ke faɗa.

A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyukan Zamfara sun lura agwaginsu suna ƙarewa. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Bayan 'yan watanni yara suka fara mutuwa, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 ne suka rasu. Da an binciki mutuwar agwagin, da wataƙila an farga da wuri.

Ita kuwa bushiya, a shekarun 1890 ta kusa shafe shanun Fulani a ƙasar Hausa, ta kuma sake yin ɓarna a Najeriya a farkon shekarun 1980. Allurar gama-gari da aka riƙa bi ruga-ruga ana yi, da haɗin kan makiyaya da sarakuna da ƙasashe maƙwabta, ita ta kawo ƙarshenta. A 2011 aka ayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa, cuta ta biyu ke nan a tarihi bayan agana.

Wannan tunani ne ya haifar da tsarin da ake kira Lafiya Ɗaya, wato likitan mutane da na dabbobi da masanin muhalli su yi aiki tare. Najeriya ta ƙaddamar da nata tsarin a 2019, a 2024 kuma gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi mai zaman kanta.

Abin da za a iya yi yanzu

Tsari a takarda ba ya tafasa madara. A matakin gida, abin da binciken shekaru ya tabbatar ba shi da tsada: a tafasa madara kafin a sha ko a haɗa nono, a sa safar hannu ko leda mai kauri wajen karɓar haihuwar dabba, a binne ɗan ɓari da mahaifa maimakon a jefa wa kare, kada a ci dabbar da ta faɗi farat ɗaya, a raba wurin kwanan yara da na dabbobi. Mai tarin da ya wuce mako biyu ya je a auna shi, domin maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

A matakin gari, arɗo da sarkin fawa da mai unguwa su ne ke fara jin labarin mutuwar dabbobi. Idan suna da lambar malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, shi kuma yana magana da jami'in sa ido kan cututtuka na sashen lafiya, labarin zai isa Katsina kafin a fara kai gawa maƙabarta.

Ga jami'o'i kuma, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 tana maƙwabtaka da Safana, kuma tana da tsangayar aikin gona. Akwai 'ya'yan waɗannan ƙauyuka da ke karatu a can da kuma Zariya, waɗanda suka san hanya, suka san harshe, kuma makiyaya suka yarda da su. Horar da irinsu su ɗebi samfuri su kuma yi allura ya fi sauƙi a kan jiran ranar da baƙo daga nesa zai iya shiga daji.

Duk lokacin da aka samu sararin da hanyoyi suka buɗe, kasuwanni suka koma ci, dabbobin da suka shekara da shekaru ba su ga allura ba za su fito su haɗu da na gari a mashaya da kara. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa a tarye su da rigakafi da gwaji, tun kafin abin da suke ɗauke da shi ya isa ƙwaryar furar yara a Tsaskiya.